Gumin Randa

A ɗakin kakata akwai wani lungu da ba a barin yaro ya yi wasa. Randuna biyu ne girke a kan yashi, kowace da faifanta, da moɗa kife a kai. Yashin nan ban taɓa ganin sa a bushe ba. In bazara ta tsananta, ƙasa ta ƙi takuwa, sai mu faki idon tsohuwa mu manna kumatu a jikin randa, mu ji wani sanyi mai ƙanshin ƙasa. In kuwa ta kama ka da hannun maiƙo a wurin, ranar sai ka yaba wa aya zaƙi. Cewa take: "Kada ka toshe mata numfashi. Randar da ba ta gumi ba ta sanyi."

Na daɗe ina koyar da kimiyya a firamare kafin na gane cewa maganar nan tata ita ce darasin da nake ta fama da shi a allo: zafi yakan tashi daga abin da ya fi ɗumi ya koma wanda bai kai shi ba. Yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Amma ka tambaye su me ya sa ruwan randa yake sanyi, sai su ce sanyi ne ya shiga ciki.

Ginin tukwane ya girmi garuruwanmu. A Nok, can kudancin Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da kayan yumɓu a 1928, an tono tsingaron da ya haura shekara 2,000. Har yau akwai garuruwan da aka san su da sana'ar, irin su Dawakin Tofa a Kano da Mirriya ta ƙasar Damagaram. Aikin kuma bai canza sosai ba. A haƙo yumɓu, a jiƙa, a cuɗa shi da dakakken tsingaro don kada ya tsage, a gina, a bar shi ya sha iska, sannan a jera a fili a lulluɓe da kara da ciyawa a cinna wuta. Sirrin yana wajen wutar nan. Ba ta kai zafin da za ta narkar da ƙasa ta liƙe kamar tangaran ba, don haka jikin randa yakan fito da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa yake tsattsafowa. In busasshiyar iska ta bi ta kai, danshin ya tashi, kuma ba ya tashi hannu rabbana: sai ya ɗebi zafi daga jikin randa, ita kuma ta ɗebo daga ruwan da ke cikinta. Giram 1 na ruwa in ya bi iska, yakan tafi da zafin da ya isa ya rage wa rabin lita digiri 1. Shi ya sa randa ta fi aiki da hunturu da bazara, ta yi sanyin jiki da damina, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da danshi. Shi ya sa kuma sabuwa ta fi tsohuwar da kafofinta suka cushe. Fatake ma da wannan hikima suke ratsa sahara da salkar ruwa.

Labarin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan Naira 20, yakan tsaya mini a rai a nan. Bagwariya ce da ta ƙware a ginin randunan ruwa tun kafin 1954, shekarar da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja. A can aka riƙa shafa wa randunanta sinadarin ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Suka yi kyau, suka zaga duniya, suka cancanci duk yabon da suka samu. Sai dai ƙyallin ya toshe kafofin. Randar da aka yi wa haka ta zama ta ado, ba za ta sanyaya maka ko moɗa ɗaya ba.

Daga nan roba ta shigo, da jarka, da firiji, da kula, da ruwan leda. Randa ta koma bayan ɗaki.

Wanda ya dawo da ita idon duniya malami ne, marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, kuma ya taso a gidan magina. A tsakiyar shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahun da ba ya kwana ya kai 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina 5,000 na farko ya raba a ƙauyuka. Abin da ya fi damun sa shi ne 'yan matan da ake hana wa makaranta don su yi tallar kayan gwari kafin su ruɓe. Ya sami lambar Rolex a 2000, mujallar Time kuma ta sa aikin cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2001. Yashin gindin randar kakata ne, ya ɗaga shi ya sa a tsakanin tukwane biyu.

Tun da na fahimci haka na daina fara darasin daga allo. Nakan zo da sabon tulu da bokitin roba, mu cika su da ruwan rijiya ɗaya da safe, mu ajiye a inuwa ɗaya. Kafin a tashi kowa ya tsoma yatsa. Sai in ɗiga wa kowane yaro ruwa a bayan hannu in ce ya hura. Wata rana wata yarinya 'yar aji huɗu ta hura, ta yi shiru tana kallon hannunta har ɗigon ya ɓace, sannan ta ɗago ta ce: "Malam, ashe zafin jikina ne ruwan ya tafi da shi?" Ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba. Daga nan sauran yakan zo da sauƙi: dalilin da cokalin ƙarfe yake ƙona hannu a tukunya amma muciya ba ta yi, da dalilin da ake juya koko tsakanin kofi biyu.

'Yan'uwana malamai, a yawancin kasuwannin ƙauye har yanzu akwai layin masu tukwane. Ranar kasuwa mai zuwa ku sayo tulu ɗaya ku kai aji, in da hali ku gayyato maginin ya gina ɗaya a gaban yara, su ji daga bakinsa.