Hutun Ma'aikatan Masana'antun Kano da Yawon Bakin Ruwa

Kano ba ta da teku, amma fita shan iska bakin ruwa a ranar hutu al'ada ce da ta bunƙasa a cikinta tare da masana'antu. A da, hutun Bakano Juma'a ce da ranakun Salla, sai ɗan sararin da manomi ke samu bayan kaka. Hutun Lahadi ya shigo ne da mulkin Turawa da aikin jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya kuma zauna da gindinsa da aka cika Bompai da kamfanoni. Ita ce unguwar masana'antu mafi daɗewa a birnin. Sharaɗa da Challawa daga baya suka biyo, da masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na alawa.

Ma'aikacin da ya kwana shida a gaban inji yana bukatar wurin miƙe ƙafa. Mafi kusa shi ne bakin kogin Challawa ta wajen Panshekara, inda da rani ruwa kan janye ya bar yashi fari fat, ga lambuna a gefe. Zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, shi ya faɗaɗa abin. An gina madatsar Bagauda da otal a gaɓarta, aka kammala ta Tiga a 1974, aka buɗe Gidan Zu a cikin gari. Ƙarin albashin Udoji ya zo a daidai wannan lokaci. Na ma'aikatan gwamnati ne tun asali, amma na kamfanoni suka tashi tsaye har aka ƙara wa da yawansu, sai kekuna da babura da rediyo suka yawaita.

A wancan zamani, abokan aiki kan yi karo-karo su ɗauki shatar kiya-kiya, su bi hanyar Zariya. A Tiga akan taka gaɓar ruwa, a yi cinikin kifi hannun masunta. Sayayyar dawowa ita ce rabin tafiyar, domin ruwan Tiga ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura: tumatir, albasa, rake da shinkafa, a farashin da ba a samu a kasuwar Sabon Gari. Mai iyali ba ya komawa gida hannu rabbana. Ga mai son cin kasuwa a wajen gari kuwa, kasuwar Wudil da ke ci ran Juma'a takan ci karo da aiki, don haka kasuwannin Lahadi irin ta Ɗambatta suka fi dacewa da ɗan kamfani.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta mayar da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a Jihar Kano, shekara guda kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu. Wannan abin alfahari ne ga ma'aikatan Kano.

Koma baya ya fara ne da shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Faɗuwar naira, ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje sun rufe masaƙu da dama, dubban mutane suka rasa albashin da ake fita yawon da shi. Otal ɗin Bagauda ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Abin takaici ya fi yawa a kogin Challawa, inda dagwalon majemun Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana kwarara, har ruwan ya sauya launi da wari a wasu wuraren, alhali masu lambu na ban ruwa da shi.