BABI NA UKU: ƊAN HAUSA, MALAMIN MAKARANTA KUMA SOJA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda karatun allo ya kafu a ƙasar Zazzau, musamman yankin Maƙarfi da Ikara da Kudan. A wannan babi kuwa za a dubi rayuwar Baturen da ya aza harsashin karatun boko na gwamnati a Arewa, wato Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. Manufar ita ce a gano yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da aikin koyarwa, da abin da hakan ya jawo wa garuruwa irin su Nasarawan Doya.

3.1 Asalinsa da Zuwansa Arewa

An haifi Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876. Ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Kambirij ta Ingila. A farkon ƙarni na 20 ya zo ƙasar Hausa tare da 'yan mishan, amma bai daɗe a wannan aiki ba. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare hamada daga Tarabulus, ya bi ta Murzuk da Bilma har Tafkin Chadi, cikin ayarin da ya ƙunshi alhazai masu komawa gida da 'yantattun bayi. Labarin wannan tafiya shi ne ya fito a littafinsa mai suna Across the Sahara a 1910.

3.2 Makarantar Nasarawa ta Kano

Kafin wannan lokaci, Likita Mila ya gwada buɗe wa 'ya'yan sarakuna da malamai makaranta a birnin Zariya, amma abin bai yi armashi ba, domin iyaye suna tsoron a raba 'ya'yansu da addininsu. Ganin haka ne Gwamna Girouard ya ɗora wa Vischer nauyin tsara ilmin da Musulmi za su amince da shi. Bayan ya zagaya Masar da Sudan ya ga irin nasu tsarin, sai ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a 1909. Ya kamata a lura cewa wannan Nasarawa daban take da Nasarawan Doya da ke Ƙaramar Hukumar Maƙarfi.

Tsarin nasa ya tsaya a kan abubuwa uku. Na farko, da Hausa ake koyarwa, cikin rubutun boko. Na biyu, an bar wa malaman Musulunci karantar da addini da Larabci. Na uku, an ware ajin malamai da na 'ya'yan sarakuna da na koyon sana'a. Haka kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, waɗanda aka yi ta yi wa gyara daga baya, har aka shigo da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930.

3.3 Aikin Soja

Yaƙi ya ɓarke a 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Nan da nan hankalin gwamnati ya koma kan yaƙar Jamus a Kamaru, inda aka ci Garwa a 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a 1916. Turawa ma'aikata da dama suka ajiye alƙalami suka sa kaki. Shi ma Vischer ya bar Nijeriya ya shiga rundunar sojan Ingila, inda aka sa shi a sashen leƙen asiri, har ya kai muƙamin Manjo. Daga cikin wuraren da ya yi aiki akwai Bern, babban birnin ƙasarsa ta haihuwa, wadda ba ta shiga yaƙin ba, don haka ta zama matattarar 'yan leƙen asirin kowane ɓangare.

Abin lura a nan shi ne, baiwar da ta sa ya ci nasara a Kano ita ce ta sa soja suka ɗauke shi. Mutum ne mai jin Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, kuma ya iya zama da mutane har su saki jiki da shi. Bayan yaƙi bai koma kan aikinsa na Daraktan Ilmi ba. Daga 1923 zuwa 1939 ya riƙe sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilmi a Landan. Ya rasu a 1945.

3.4 Tasirin Tafiyarsa

Ana iya cewa yaƙi ya yi wa karatun boko sagegeduwa, tunda ya kwashe ma'aikata da kuɗi a daidai lokacin da ake buɗe makarantun lardi. Sai a 1921 aka fara Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. To amma a ra'ayin wannan bincike, ba daidai ba ne a ɗora wa yaƙi laifin duka. Tun asali an gina tsarin ne don samar wa En'e malamai da akawu da masu jiran gado, ba don ɗan manomin karkara ba. Wannan ne ya sa ƙauyuka da dama na ƙasar Zazzau ba su ga yalwar makarantun firamare ba sai da shirin ilmi kyauta na 1976 ya zo.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, an ga yadda Ɗan Hausa ya samo hanyar da iyaye suka yarda da boko, da yadda yaƙi ya ɗauke shi tun shukar ba ta yi ƙwari ba. Gidansa na Kano, Gidan Ɗan Hausa, ya zama wurin adana kayan tarihi. Babi na gaba zai dubi shigowar makarantar boko gundumar Maƙarfi.