Tsamin Jiki da Masu Jinyarsa a Zangon Hausawan Duwala

Idan aka tashi ba da tarihin Hausawan Duwala, galibi sunayen attajirai da sarakunan zango da limamai ake jerawa, alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda suka raya wannan jama'a sun iso bakin kogin Wuri ne ba su da wani jari sai wuya da kafaɗa. Mutumin da jikinsa ne jarinsa kuwa, babu abin da ya fi tsoro kamar safiyar da zai farka ya ji gaɓoɓinsa sun ƙi shi. Saboda haka na ga ya dace a waiwayi wata al'ada da marubuta suka raina, wato yadda mutanen zango suke jinyar baƙon aiki idan jikinsa ya yi tsami, domin a cikinta akwai hikimar da ta cancanci a kiyaye, akwai kuma kuskuren da ya wajaba a gyara.

Asalin al'adar ya girmi birnin da muke gani yau. Tun a ƙarni na 19 fatake suke ratsa ƙasar Adamawa, ta Yola da Garwa da Ngaundere da Tibati, suna neman hauren giwa da goro, daga baya kuma danƙon roba. To, da yake tsando ba ya barin jaki ya rayu a ƙasar kurmi, sai ya zamana da zarar ayari ya fuskanci kudu, kaya sun koma kan 'yan alaro, kowa da gammonsa da sandarsa. A nan ne madugai suka san abin da kowane ɗan dako ya sani har yau, cewa hawan tudu yana cin numfashi a nan take, amma gangara ita ce take cin cinya, kuma ba ta karɓar bashinta sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Tudun Adamawa ya haura mita 1,000 a bisa teku, wanda kuwa ya sauko daga can da kaya a kansa ya san wannan magana ba sai an yi masa sharhi ba. Madugu mai hankali ba ya tsawaita zangon farko, ba ya kuma ɗora wa sabon yaro kayan tsohon hannu.

Unguwar New Bell kuwa, inda zangon yake, da zalunci aka haife ta. Jamusawa, waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884, sun ƙudura daga baya su ƙwace filayen bakin kogi, su tura baƙar fata can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa. Da Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya a kan haƙƙin mutanensa, sai suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914, su ma kuma ba su ƙara wata biyu a garin ba sojojin Ingila da Faransa suka kore su. Ƙasar da aka ware domin korarru sai ta zama masaukin baƙi, Faransawa suka bar kowace ƙabila da shiyyarta da shugabanta, Hausawa ma suka sami tasu, da masallacinsu da mahautansu da wanzamansu. Gari ne da aka gina da ƙarfin tsoka: layin dogon Bonaberi zuwa Nkongsamba ya kammala a 1911, na Yawunde ya isa a 1927 bisa wuyan mutanen da aka kamo aikin tilas, mafi yawansu daga ƙabilun kudu, ba a kuwa haramta wannan aikin ba sai a 1946. Sa'an nan, daga ƙarshen shekarun 1950, da New Bell ta cika ta batse, jama'a suka malala cikin fadamar da ake kira Nylon, inda sai da mazauna suka haƙa magudanu da hannunsu, suka yi ta jidar ƙasa suna cike kwari, kafin su sami inda za su kafa ɗaki.

Hausawan garin an fi saninsu da fatauci da fawa da ɗinki, amma yaron da ya sauko daga arewa ba shi da ko sisi, ƙofar da take buɗe masa ita ce dako a kasuwa, ko turin kura, ko sauke buhunan shinkafa da siminti masu kilo 50. Ya fito daga ƙasar da ruwan shekara da wuya ya kai milimita 1,000, ya faɗo garin da yake samun fiye da 3,500, inda gumi ba ya bushewa a jiki. Ranar farko yakan yi aiki da zafin nama don kada a raina shi, ya kwanta yana murna. Washegari da asuba sai ya ga ruku'u ya zama aiki, tsugunno ya gagara, hannu ba ya miƙuwa ya ɗauki buta. A rana ta uku abin ya fi haka tsanani, har ya fara zaton sammu aka yi masa, ko kuwa iskar teku ce ta shige shi. A wannan gaɓa ce mai masauki yake nuna amfaninsa, domin ya ga irin wannan sau ba adadi: zai dube shi ya ce, sannu, jiki ne ya yi tsami, ba ka saba ba ne, kwana uku ka warware.

Jinyar tana da matakai. Da fari gashi: a tafasa ruwa, wasu su jefa ganyen darbejiya a ciki, a tsoma tsumma a matse, a dinga dannawa a cinya da ƙugu da dantse har zafin ya ratsa. Bayan haka tausa da man kaɗanya ko man shanu, wadda abokin ɗaki yake yi wa ɗan'uwansa ba da lada ba, don ya san gobe shi ma zai bukata. A ba shi kunu mai zafi da farfesu, a hana shi babban kaya, amma ba a barinsa ya kwanta yini guda. A aike shi kasuwa, a sa shi ɗaukar ƙaramin abu, domin tsofaffi sun yi ittifaƙi cewa kwanciya tana ƙara sandarar da jiki. In abin ya daɗe, ko ya taru a gadon baya, sai a kira wanzami. Zai zo da zabirarsa, ya zaunar da mutum a kan tabarma, ya jiƙa wurin, ya kafa ƙaho ya zuƙe iskar ta ƙaramar kafar da ke tsininsa, ya toshe ta, ya jira fata ta kumburo. Sa'an nan ya cire, ya yi tsaga ƙanana, ya mayar, in an jima ya juye gudan jini baƙi ƙirin a kan ƙasa, ya nuna wa mai shi ya ce ga mataccen jinin da ya hana ka sakat.

Wannan sana'a tana da daraja a idon Musulmi, saboda ya tabbata a hadisi cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, kuma ya biya mai yin ladansa. Hukama'un da ma ba su gafala daga mas'alar gajiya ba: Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi mata bayani a cikin Al-Ƙanun, ya rarrabe nau'o'inta, ya ambaci tausa da wanka cikin magungunanta. Likitocin zamani kuwa, tun daga Theodore Hough na Amurka, wanda ya yi rubutu a kan lamarin a 1902, sun gano cewa illar tana faruwa ne a cikin zaren tsoka, inda ake samun 'yan ƙananan yagewa, musamman idan tsokar tana riƙe da nauyi alhali tana miƙewa, kamar a gangara ko wajen sauke buhu; kumburin da yake biyo baya shi ne yake kawo ciwon, wanda yake kai maƙura tsakanin awa 24 zuwa 72, ya gushe da kansa cikin mako guda. Sun kuma tabbatar da cewa tsokar da ta sha wannan wahala sau ɗaya takan yi makonni ba ta sake shan irinta a kan aiki iri ɗaya ba.

Idan aka auna al'adar zango da wannan ma'auni, hukuncina shi ne mai masauki ya fi kowa gaskiya. Sassauta kaya, da motsi kaɗan kaɗan, da abinci, da barci, da haƙurin kwana uku, su ne ainihin magani. Gashi da tausa suna rage raɗaɗi, kuma rage raɗaɗi ga mai neman abincin yini ba ƙaramin alheri ba ne. Amma jinin da yake fita a ƙaho daga fata yake fitowa, ya yi baƙi ne don ya daskare, bai kuwa taɓa zama a cikin tsokar da take ciwo ba. Ina faɗin haka da girmamawa ga wanzamai, waɗanda suka yi wa zango hidima tun babu asibitin da zai karɓi baƙo, ina kuma roƙonsu da su riƙe reza sabuwa ga kowane mutum, su tsarkake ƙaho sosai, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya maye gurbin wannan tarbiyya. Tun da jirgin ƙasa ya isa Ngaundere a 1974 hanya ta yi sauƙi, samari suna kwararowa, da yawa ba su da mai masaukin da zai dube su da safe, sai mai tallan ƙwayoyi a bakin titi. Tramadol ba ya ɗinke tsoka. Ɓoye ciwon yake yi, yaro ya koma ƙarƙashin buhu da jikin da yake neman hutu, ƙarshenta kuma ya zama bawan ƙwayar. Hatta magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, idan aka yawaita su a kan ƙishirwa da gumin Duwala, suna iya taɓa ƙoda.

Saboda haka ina kira ga masu masauki da shugabannin 'yan dako na New Bell da Nylon, su sa ido a kan sabon zuwa a makonsa na farko, su kuma san iyakar abin da gashi yake iyawa. Idan ciwon jiki ya zo da zazzaɓi, a gwada jini, domin zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa a garin. Idan kuwa gaɓa ta kumbura ƙwarai, ƙarfi ya tafi, fitsari ya ragu ko ya koma launin baƙin shayi, to tsoka ce take narkewa cikin jini, tana kuma iya kashe ƙoda cikin 'yan kwanaki. Wannan ba na wanzami ba ne, ba na mai ƙwaya ba ne. A ba shi ruwa, a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kada a jira gobe.