Tukunyar fulawa da labarin NASA

Makon jiya na je gida Dogon Daji gaishe da Inna, na biya wajen ƙanwata. Tukwanen fulawa huɗu ta jera a falo, tagogi a rufe gam saboda ƙurar hunturu, ga maganin sauro na ta hayaƙi, ga jaririnta kwance. Na ce, "Ke, ba ki buɗe taga?" Ta ce, "Haba Yaya, ai fulawar nan tace iska take, NASA ma ta faɗa."

To jama'a, NASA ɗin ta faɗa, amma ku ji yadda aka yi.

A 1989 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta fitar da rahoton wani masani, Bill Wolverton. Damuwarsu ita ce tashar sararin samaniya, inda ba taga ba ƙofa. Sai suka sa tsirrai cikin akwatuna rufaffu, suka tura musu sinadarai irin su benzin, bayan awa 24 suka ga sun ragu. Da wa aka haɗa hannu wajen binciken? Da ƙungiyar 'yan kwangilar shuke-shuke ta Amurka. Ba na ce ƙarya suka yi ba, amma kun san ɗan kasuwa in ya samu sunan NASA.

Shekara 30 zancen na yawo. Sai a 2019 Michael Waring da Bryan Cummings na Jami'ar Drexel suka tattara binciken da aka yi, suka lissafa: sai ka sa tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ke yi a gida. Falon ƙanwata mita huɗu ne sau huɗu. Tukunya 160 ke nan, mafi ƙaranci. Ina za a zauna?

Abin da ya dame ni shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma girki da itace da gawayi ne kan gaba. Lokacin da muke yara, murhun Inna a tsakar gida yake, kusa da dogon yaro, hayaƙi na tashi sama abinsa. Yanzu mun yi ginin siminti, mun shigo da kaskon gawayi ɗaki, janareta a baranda.

Fulawar na nan, wallahi ta ƙawata falon. Taga dai na buɗe da hannuna, maganin sauron kuma na kai waje, na ce ta rataya gidan sauron da aka ba ta a asibiti.