Hanyar Dutsen Stelvio da Masu Babur

A arewacin ƙasar Italiya, cikin manyan duwatsun nan da ake kira Alps, akwai wata tsohuwar hanya mai suna Stelvio. Ƙwanƙolinta ya kai mita 2,757 bisa teku, watau wajen ƙafa 9,000. Wanda ya taso daga garin Prad sai ya sha kwana 48 kafin ya kai sama, kowace kwana kuwa da lambarta a rubuce.

Ga asalin hanyar. Bayan da aka ci Napoleon da yaƙi, sai manyan Turai suka taru a Biyana a 1815, suka ba Ostiriya lardin Lambardi, inda birnin Milan yake. Sarkin Ostiriya, Faransis na Ɗaya, ya so a sami hanyar da sojansa da masu kai wasiƙunsa za su bi zuwa sabon lardin ba tare da sun ratsa ƙasar wani sarki ba. Aka ɗora wa wani injiniya, Carlo Donegani, wannan aiki. Aka fara a 1820, aka gama a 1825.

A zamanin nan babu mota, balle babur. Doki ke jan keke, doki kuwa ba ya iya hawan dutse a miƙe da kaya. Saboda haka Donegani ya yi ta lanƙwasa hanyar kamar tafiyar maciji, domin hawan ya yi wa dabba sauƙi.

A 1859 Lambardi ta fita daga hannun Ostiriya, ƙwanƙolin dutsen ya zama iyaka. Daga 1915 zuwa 1918 sojan Italiya da na Ostiriya suka yi ta fafatawa a nan cikin ƙanƙara. Bayan sulhun 1919 hanyar duka ta koma ƙarƙashin Italiya. A 1953 aka fara bi ta kanta da babban tseren kekunan Italiya, Fausto Coppi ya riga kowa hawa. Yanzu masu yawon buɗe ido ne suka fi binta, musamman masu babur, da yawansu kuma da goyo.

To, a nan hatsarin yake, gama kwanar da aka auna da tafiyar doki ba ta karɓar gudu. Wajen hawa, nauyin goyo yakan rinjayi baya, ƙafar gaba ta yi sakayau. A Italiya hannun dama ake bi, don haka kwanar dama ita ce ta fi matsi da tsayi. In injin ya mutu a tsakiyarta, mai tuƙi ya miƙa ƙafa, sai ya tarar ƙasa ta yi masa nisa, su biyu su kife. Wajen gangara kuwa, goyo yakan zamo gaba ya danne mai tuƙi, birki ya yi ta zafi har ya daina kamawa.

Maganin abin shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a shiga kwana, a gangara da ita kuma, domin injin ya taimaki birki. Wanda aka goya ya zauna daram, ya bi jikin mai tuƙi duk inda ya karkata, kada ya sauke ƙafa sai an ce masa. Kowannensu ya sa hular kwano da rigar sanyi, gama ko da bazara akan yi ɗari a sama. Da hunturu kuwa rufe hanyar ake yi ɗungum saboda ƙanƙara.

Wanda bai saba da goyo a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba, bai kamata ya fara koyo a Stelvio ba, don ran wani ne ya ɗauka amana. Masu keken doki sun hau dutsen nan shekaru da yawa da haƙuri, haƙurin nan kuwa shi ne har yau yake kai mai babur gida. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.