Walia: Unguwar da Gada Ta Haifa

Kowace doguwar hanya tana da maƙogwaronta, inda dole kowa ya bi. A tsaunukan Alfs na Turai akwai mashigar Sen Barnar tsakanin Suwizalan da Italiya, mai tsayin mita 2,469, inda limaman Kirista suka buɗe masaukin matafiya tun wajen 1050, kuma ta nan Nafoliyon ya ratsa da rundunarsa a 1800. Ramin mota da aka buɗe ƙarƙashin dutsen a 1964 ya ɗauke mata yawancin baƙinta. Tamu mashigar ta ruwa ce: mahaɗar kogin Shari da na Logon.

Bayan yaƙin Kusuri na 1900, wanda Rabe da kwamandan Faransawa Lami suka mutu a cikinsa, Faransawa suka kafa Fort Lami, wato Injamena ta yau, a gaɓar Shari. Maniyyatan Kano da Katsina masu tafiyar ƙasa sukan biyo ta Maiduguri da Dikwa, su sauka Kusuri, a fitar da su a kwalekwale, su da jakunansu da buhunan guzuri, sannan su nufi Abeshe da Sudan. Wasu guzuri ya ƙare musu a nan, suka kama sana'a, suka yi aure, zama ya kama su. A wancan zamani ba ruwan matafiyi da inda unguwar Walia take a yau. Kai tsaye ake tsallakewa cikin gari.

Gada ce ta juyo da hanyar. Da aka yi ta Shagwa a kan Shari, sannan ta Ngeli a kan Logon a 1985, sai Walia ta faɗo tsakanin gadoji biyu. Jirgin sama ya riga ya kwashe alhazai, amma manyan motocin tashar jiragen ruwa ta Duwala suka maye gurbinsu, tunda Chadi ba ta da teku. Ga tireloli a jere, ga 'yan canji da damin sefa da naira, ga 'yan acaba. Hanyar Mundu ma ta nan take shigowa Injamena. Ran tashin hankali kuma Walia ce ƙofar gudu: a Fabrairun 2008 dubban mutane suka tsallaka Ngeli da ƙafa zuwa Kamaru.

Sai dai an yi wa hanya tanadi, an manta da mazauna. Fadama ce aka cika da gidaje, shi ya sa a ambaliyar 2022 mutanen Walia suka koma biyan kuɗin fito kafin su isa bakin kwalta.