Ciwon sukari a Daura: Abin da ya kamata a koya wa majinyaci kafin a sallame shi

Ciwon sukari ba cuta ba ce da ake sallamar mutum a ce ya warke. Asibiti daidaita sukarin jini yake yi. Sauran aikin yana gida, a hannun majinyaci da mai girka masa abinci. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar karantarwar ranar sallama a matsayin wani ɓangare na magani.

A masarautar Daura mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, manyan asibitoci a cikin birni suke, har da na Sojojin Sama da aka buɗe a 2019. Wanda ya koma ƙauye kuwa, abin da aka koya masa shi ne guzurinsa.

Darasi mafi gaggawa shi ne gane faɗuwar sukari, wato ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Alamominsa gumi, makyarkyata, yunwa da ruɗewa. Nan take a ba shi ruwan sukari in yana iya haɗiya. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti ake kai shi.

Sai ajiyar insulin, wadda zafi ke lalatawa. Kwalbar da aka buɗe kan yi kusan mako huɗu matuƙar zafi bai haura digiri 30 ba, alhali bazarar Daura na wuce 40. Inda babu firji, akan sa kwalbar a mazubi mai murfi cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Batun abinci ba "daina cin komai" ba ne, kamar yadda ake yawan tsorata mutane. A rage malmalar tuwo, a yawaita wake, zogale da rama, a sha fura ba sukari kuma ba mai yawa ba. A duba ƙafa kullum, a busar da tsakanin yatsu bayan alwala, kada a taka rairayi mai zafi ba takalmi. Mai niyyar azumi ya ga likita tun kafin Ramadan.

Duk wannan kuɗi ne. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, kuma dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi. Amma har yanzu mafi yawan masu ciwon daga aljihunsu suke sayen insulin da tsinken gwaji.